Wuƙar da Za Ka Saya wa Yaron Nan

Aminina,

Yaya sanyi? Mu dai a nan Kano hunturu ya sauka da kayansa, hazo ya rufe gari har da hantsi ba na hango Dala daga ƙofar gida, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, jikoki kuma sun mai da ɗakina wurin shan ɗumi, kullum da asuba sai na tsallake su ɗaya bayan ɗaya kafin in kai ga buta. Yaya gwiwar nan taka? Ina fatan ka rage hawa benen nan da ka gina don ka burge Zage-zagi 'yan'uwanka. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata yajin daddawar da ta aiko ya iso, kuma an kusa ganin gindin kwalbar, don haka kada ta ɗauka godiyar nan ta fatar baki ce kawai, akwai roƙo a cikinta.

To, saƙonka ya same ni, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa babban ɗanka, wanda har yau da ya tara gemu kunya ba ta barinka ka kama sunansa, ya samu aikin tsaron gandun daji a Gashaka Gumti. Allah ya sa albarka, ya tsare shi. Wuri ne babba fa, shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ga tsaunin Chappal Waddi mai tsayin mita 2,400 da 'yan kai a can kan iyakar Kamaru, ga koguna, ga kurmi, ga damina mai tsawo wadda ba irin tamu ba. Wanda ya tashi daga Serti ya nausa ciki, zai iya kwana da kwanaki bai ga shago ba. Ka ce in ba ka shawarar wuƙar da za ka saya masa, tunda na taɓa zaman daji, sannan ka haɗo da hoton wadda shi ya gani ya ƙyasa: wata zabgegiya mai tsawon kamu, baƙa wuluk, da haƙoran zarto a gadon bayanta. Wallahi da na buɗe hoton nan dariya na yi har tari ya sarƙe ni, uwargida ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Ba yaron nake yi wa dariya ba, kaina na tuna.

Ka tuna lokacin da fim ɗin Rambo ya shigo silima? A 1982 ya fito, mu kuma ya iso mana bayan ɗan lokaci, muka je muka kalla har sau uku, kai kana ta rantsuwa cewa mutumin da gaske ya ɗinke hannunsa. To bayan nan ne kasuwa ta cika da kwaikwayon wuƙar tasa, mai mariƙi kamar bututu, da kamfas a murfi, a ciki kuma an cusa ashana da allura da ƙugiyar kamun kifi. A lokacin ina bin ma'aikatan safiyo wajen dajin Falgore, albashin farko da na karɓa na je na sayi guda, na rataya ta a ƙugu ina tafiya ina buɗa hannu kamar mai ƙurji a hammata. Kawuna maharbi, Allah ya jiƙansa, shi ne jagoranmu a tafiyar nan, don ya san dajin kamar yunwar cikinsa. Ya karɓa ya juya ta, ya ƙwanƙwasa mariƙin da farce ya ji ƙarar gwangwani, ya miƙo mini bai ce uffan ba.

Daren farko ruwa ya ɗan taɓa, itace ya jiƙe, aka ce a faskara wani busasshen reshen marke a samu na ciki mai kama wuta. Na ce a bar mini. Na ɗora ruwan wuƙar a kan reshen, na ɗauki wani guntun ice na buga sau ɗaya, sau biyu, a na uku sai na tsinci kaina riƙe da bututu, ruwan wuƙar na can cikin ice, ashana da allura sun watse cikin ciyawa. Ashe wani ɗan noti ne kaɗai, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya haɗa ruwan da mariƙin. Kawu ya gyara zama, ya zaro tasa daga ƙugu, wata 'yar gajeruwa baƙa da ba za ka ɗauke ta a ƙasa ba in ka tsinta, ya tsaga icen nan siri-siri, ya fere na ciki ya yi laushi kamar gashin masara, ya ƙyasta wuta. Sai da muka sha shayi sannan ya dube ni ya ce, to ɗana, kamfas ɗin dai ya nuna maka gabas, sai ka tashi ka yi sallah.

Tun daga ranar na fara lura da kayan tsohon nan. Kayan nasa ba su da yawa: 'yar wuƙar nan, da ɗan gatari a kafaɗa, da ƙyastu da ƙanƙara da audugar rimi cikin wata 'yar jakar fata, sai wani ɗan dutsen wasa wuƙa da ya kwarmashe a tsakiya saboda aiki. Shi ke nan. Da wuƙar yake ɓare ɓawon kalgo ya tufka igiya, da ita yake fiƙe turaku, ya feɗe zomo, ya gyara kifi, ya cire ƙaya a tafin ƙafa, ya yanko asuwaki, ya sassaƙo magani. Bayan shekaru da yawa na karanta labarin mutumin nan da aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, a 1991, wanda suka laƙaba wa Otzi, aka ce ya kai shekara 5,300 da mutuwa. Ka san abin da aka samu a jikinsa? 'Yar wuƙar dutse wadda tsawonta har da mariƙi wajen santimita 13 ne, cikin kuben da aka saƙa da ɓawon ice, da gatarin jan ƙarfe, da kayan haɗa wuta, da wani ɗan abin gyara kaifi. Na ajiye takardar na yi shiru, don sai na ga kamar jakar Kawu aka zazzage. Mutum biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba, ɗaya a ƙanƙara ɗaya a ƙasar sabara da geza, daji ya koya musu karatu ɗaya.

To bari in bi maka abin daki-daki yadda zan duba in ni ne a kasuwar, ko da yake ka san ni da ratse, sai ka yi haƙuri.

Abu na farko da zan duba shi ne wanda ido ba ya gani, wato wutsiyar ƙarfen da ke shigewa cikin mariƙi. Wuƙar kirki ƙarfe ɗaya ne tun daga tsini har ƙarshen mariƙi, sai a ɗora mata ice ko ƙaho gefe da gefe a ɗaure da ƙusoshi, ta yadda in ka duba gefen mariƙin za ka ga ƙarfen ya ratsa har ƙasa. Irin wannan ko mariƙin ya fashe, sai ya naɗe ƙarfen da tsumma ko igiya ya ci gaba da aiki. Wannan ne ya sa ba zan ce ya dogara da wuƙa mai naɗewa ba. Ba raina ta nake ba, ai kai ma ka san Okapi, wadda Jamusawa suka fara ƙerawa a 1902 don kasuwannin Afirka kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu, babu mai shayi ko direban tirela da bai taɓa riƙe ta ba, haka nan 'yar jar nan ta sojan Suwizalan mai almakashi da abin buɗe gwangwani. Suna da daɗi a aljihu, ya sa guda a jaka don yankan albasa da farce. Amma duk abin da ke da gaɓa, a gaɓar yake karyewa, kamar gwiwarka, kuma ranar da ta rufe a kan yatsun mutum yana tsakiyar kurmi, ranar zai san nisan asibiti.

Na biyu tsawo. Samari suna son doguwa, don ita ce ke cika ido a ƙugu, amma kaso tara cikin goma na aikin wuƙa a daji ƙaramin aiki ne, fira da fiƙa da yankan igiya da gyaran abinci, kuma duk a kusa da mariƙi ake yin su, inda hannu ya fi ƙarfi. Akwai wani malamin zaman daji a Kanada, Mors Kochanski, ya rasu a 2019, wanda ya shekara da shekaru yana koya wa mutane kwana cikin dajin sanyi. Awon da yake bayarwa shi ne ruwan wuƙa ya yi daidai da faɗin tafin hannun mai ita, wato wajen santimita 10, in an ƙara ma kaɗan ne. Kuma wuƙar da ya fi riƙewa ita ce mai arahar nan ta garin Mora a Siwidin, inda aka kafa masana'antar wuƙa tun 1891. Ita ma tana nan har gobe, ba nauyi, ba tsada, ga kaifi kamar aska. Gaskiya dai wutsiyarta ba ta kai ƙarshen mariƙi ba, ta tsaya a wajen kashi uku cikin huɗu, amma an dasa ta da kyau, kuma in ba dukan hauka aka yi mata ba takan daɗe. In ka samu ta ainihi ka saya, kada ka tsaya ciniki irin naku na Zariya har mai kaya ya tashi. Kaurin ruwan kuma kamar milimita 3 ya isa. Wadda ta fi haka kauri sosai ta zama gizago, ba za ta fere ko mangwaro ba.

Sannan ta zama mai kaifi ɗaya, bayanta a shafe. Ka ga wuƙar nan ta damtse da Buzaye ke ɗaurawa a hannun hagu, mai baki biyu da kube mai ado? Kyakkyawa ce, kuma maƙeran Agadas sun iya aikinta, amma don kare kai aka yi ta. Mai aikin daji yana bukatar inda zai ɗora babban yatsa ya danna, da inda zai buga da ice in zai tsaga reshe, to mai baki biyu ina za ka ɗora yatsa? Haƙoran zarton nan kuma da suka ɗauki hankalin yaron, ba sa yanka ice yadda zarto ke yi, sai dai su ci tafin hannu, su yage kube, kuma ba ya iya wasa su da dutse. Tsinin ya kasance a tsakiya-tsakiya, mai ɗan kauri, kada ya zama siriri kamar na allura da zai ɓalle a karon farko.

Yanzu sai maganar ƙarfe, kuma a nan na daɗe ina juya abin a raina saboda inda za shi. Ƙarfe iri biyu ne a wajen nan. Akwai baƙin ƙarfe irin na maƙeranmu, wanda yanzu galibi daga tsohon sifirin ɗin mota suke sarowa, yana ɗaukar kaifi da wuri, kowane dutse mai laushi na bakin rafi yana wasa shi, kuma in ka buga bayansa da ƙanƙara yana ba da tartsatsi. Aibinsa tsatsa: lemon tsami, jini, tumatir ko raɓa, in ya kwana a kai, da safe sai ka ga ya yi ja. Akwai kuma farin ƙarfen da ba ya tsatsa, dangin na cokulan silba, wanda wani mutumin Shefild ta Ingila, Harry Brearley, ya gano haɗinsa a 1913. Wannan bai damu da ruwa ba, sai dai mai arahar cikinsa, irin na tallan bakin titi mai walƙiya, ba ya riƙe kaifi ko na yini ɗaya. Da Falgore ko Yankari za shi, ba zan yi dogon tunani ba, baƙin ƙarfe zan ce. Amma Gashaka ƙasar ruwa ce, mutum na iya ƙetare rafi sau biyar kafin azahar, tufafi ba sa bushewa. To kai ka san ɗanka. In mai kula ne, irin wanda ke goge takalmi kafin ya kwanta, saya masa baƙin ƙarfe, ya riƙa share ta yana shafa mata man gyaɗa, kada ya sa baƙin mai tunda da ita zai yanka abin da zai ci. In kuwa ya gado ka, wato irin masu barin fartanya a gona har kaka, to nemo masa farin ƙarfe mai kyau ka huta.

In wajen maƙeri za ka, kuma ni da za ka bi tawa can za ka fara, kada ka sayi ta kan tabarma da aka ƙera don Sallar layya. Ka zauna ka ba da aiki. Ka ce sifirin kake so, ka nuna masa faɗin tafin hannun yaron, ka ce wutsiya ta fita har ƙarshe. Sirrin aikin duk yana wajen da zai fito da ita daga gawayin ƙirya tana ja zur ya tsoma a ruwa ko mai, sannan ya sake ɗumama ta kaɗan don taurin ya sassauta. In ta yi tauri da yawa sai ta riƙa ɓantarewa kamar tangaran, in ba ta samu ba kuma sai bakin ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Ga yadda Kawu ke gwadawa: ya goga magagari a bakin, in magagarin ya zame yana ƙara siririya, to ta yi, in ya kama yana ci kamar ana kankare rogo, a mayar wuta. Daga nan ya sassari busasshen marke sau goma ya duba bakin a rana. Kada ka ji nauyin maƙerin, na ƙwarai ma daɗi yake ji in ya ga wanda ya san abin da yake nema. Mutanen da kakanninsu suka narka tama a gindin Dala tun kafin a yi ganuwa, ai ba a koya musu ƙarfe, sai dai a gaya musu aikin da za a yi da shi.

Mariƙi kuwa, hannun yaron ne alƙali, ba naka ba. Ya riƙe, ya matse, ya juya ta sama da ƙasa. Ya cika masa hannu, kada ya zama mai santsi, kada kuma ya zama mai gurabun yatsu da ƙusoshin ado da za su tasar masa da bororo bayan rabin awa. Ku jiƙa hannun da ruwa, har da ɗan sabulu, ku ga ko tana zamewa, don a daji hannu ba ya rabuwa da gumi ko ruwa ko kitse. Ya zama akwai ɗan tudu tsakanin mariƙi da kaifi da zai tare yatsa. Kuma ka sa a huda ƙarshen a zura igiya mai launi mai haske, ja ko ruwan lemo. Kada ka yi dariya, wuƙaƙen da ciyawa ta haɗiye sun fi waɗanda suka karye yawa, mutum ya ajiye ya juya ya ɗauko tulu, ya dawo ya rasa. Baƙar nan ta hoton, in ta faɗi da magariba sai dai wani ya tsinta baɗi.

Kube ma rabin wuƙa ne, mutane ba sa kula. Ka kai wa baduku ya ɗinka da fata mai kauri, ya sa wani tsiri na fata a cikin ɗinkin ta gefen kaifi don kada bakin ya ci zaren. An ce komai kaifin wuƙa ba ta yanka kubenta, to wannan kuben ƙwarai ake nufi, na banza kam tana yankawa har ta taɓa cinya. Ka kife shi ka girgiza, in ta zubo a sake. Kuma a ɗamara za ta zauna, a jikinsa, kada ta zauna cikin jaka, don ranar da kwalekwale ya kife ko aka yi gudun ɓauna, jaka ce ke fara tafiya. In kuben ya jiƙe ya zare ta su bushe dabam-dabam.

Na san abin da zai ce, wai ƙaramar wuƙa ba za ta share hanya a kurmi ba. Gaskiyarsa, ai ba aikinta ba ne. Wannan aikin adda ne, kuma adda ba ta da tsada, ga mai tambarin kada nan ta kamfanin Martindale na Ingila da manoma suka sani tun zamanin iyayenmu. Adda ta yi sara, wuƙa ta yi fira. Wanda ya nemi guda ɗaya ta yi masa duka biyun, sai ya samu wadda ta yi gajarta a sara ta yi nauyi a fira, kamar ɗan da aka aika kasuwa biyu a rana ɗaya. Kuma tunda aikinsu ya haɗa da kwance tarkon waya da mafarauta ke ɗanawa, ya nemi filaya, kada ya kashe bakin wuƙarsa a kan waya.

Amma duk wannan surutun nawa banza ne in bai iya wasa ta ba. Dakusasshiyar wuƙa ita ce mai yanka mai ita, don sai ya danna da ƙarfi, ta zame, ta sauka inda ba a aike ta ba. Akwai wani Ba'amurke, Aron Ralston, da dutse ya danne wa hannu a wani kwazazzabo a jihar Yuta a 2003, shi kaɗai, kuma bai gaya wa kowa inda za shi ba. Kwana biyar yana nan, a ƙarshe ya karya ƙashin ya yanke hannun da wata 'yar wuƙa mai naɗewa mai araha wadda ba ta da kaifi. Ya rayu, amma ka auna azabar. Abu biyu nake so yaron ya ɗauka a labarin: kada ya taɓa shiga daji ba wanda ya san inda ya nufa da lokacin dawowarsa, kuma kada ya kwanta da wuƙa dakusasshiya. Wasawar ba wuya. Ya jiƙa dutse, ya kwantar da ruwan wuƙar ya ɗaga bayanta kaɗan, kamar digiri 20, ya riƙa turawa kamar mai son yanko siririn ɓawo daga dutsen, yadda ya yi wa wannan gefe haka zai yi wa wancan, har ya ji ɗan ƙaiƙayi ya taso a bakin, sannan ya goge shi a bayan ɗamarar fata yadda wanzami ke yi wa aska. In ta aske gashin hannu ta yi. Ai ko a addini an hore mu da wasa wuƙa kafin yanka don a hutar da dabba, ka ga abin ba sabo ba ne a wurinmu.

Ga kuma 'yan abubuwan da Kawu ya hana ni, ka isar masa. Kada ya yi jifa da ita, kada ya ɓanɓare murfi ko ya haƙa rami da ita. In rami yake so ya fiƙe sanda ya haƙa. Kada ya ɗaura ta a kan gora wai ya yi mashi, in ta tafi da dabba ya zauna da me? In zai yi fira ya tura ta gaba, nesa da jiki, kuma kada ya yi a tsakanin cinyoyinsa, akwai babbar jijiyar jini a nan wadda in ta ɓalle ba ta jiran mota. Ya dafa gwiwar hannu a kan gwiwoyinsa, aikin ya kasance a gaba. In ya gaji ko duhu ya yi ya mayar da ita kube. Sannan babba a cikinsu, wanda a nan kam na saɓa wa tsofaffinmu: in maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin da wuƙa, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, to ka ga wanda ya tsaga ya buɗe wa jini ƙofa ne kawai. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a cire zobe da agogo, a nemi asibiti mai allurar dafi. Ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba.

Sai maganar hanya. Ka san yadda zamani ya koma, 'yan daba sun ɓata wa wuƙa suna, saurayi da ita a ƙugu a tasha ko a shingen jami'an tsaro sai ya kwana yana bayani. Ya naɗe ta cikin kaya a ƙasan jaka, takardar aikinsa kuma a aljihun gaba, sai ya isa bakin aiki ya ɗaura. In jirgi zai hau, cikin babban akwati za ta, kada ya riƙe a jakar hannu.

To aminina, ka ce shawarar wuƙa kake so na ba ka tarihin duniya, ka yafe, tsufa ne da kaɗaici da dogon daren hunturu. Abin da ya rage shi ne kada ka jira sai ana gobe tafiya ka miƙa masa ita cikin takardar ado, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba shi ita yanzu. Ya fere rake da ita, ya gyara kajin Hajiya, ya fiƙe wa akuya turke, ya sassaƙa muciya ko da karkatacciya ce, ya yanke yatsa sau ɗaya a gida inda akwai mai ɗaure masa, ya dakusar da ita ya wasa, ya sake dakusarwa ya wasa, har hannunsa ya riƙa samun mariƙin cikin duhu ba tare da lalube ba. 'Yar baƙar wuƙar Kawu ba ta fi ta kowa ƙarfe ba, shekara talatin da ta yi a hannu ɗaya ne ya sa ta zama abin da ta zama.

Wuƙar tasa ɗansa ne ya gada, amma ɗan dutsen nan mai kwarmi a tsakiya ni aka bar wa, yana cikin akwatina tun rasuwarsa, ba abin da yake wasawa sai wuƙar layya sau ɗaya a shekara. Jiya na ɗauko shi na wanke, na ga bai kamata ya ƙare a ƙarƙashin gado ba. Zan ba direban da ya kawo yajin ya kawo maka ranar Juma'a in Allah ya kai mu, ka ba yaron, ka ce in ji babansa na Kano. In ya zo hutu ya biyo ta nan in duba bakin wuƙar, daga nan zan san irin zaman da yake yi a can.

Ka gaida Hajiya da yara da jikoki, da mutanen majalisar ƙofar gidanka, har da mai shayin nan da ke cika sukari. Uwargida tana gaishe ku, ta ce a tuna wa Hajiya maganar kwalba. Allah ya kai shi lafiya, ya dawo mana da shi lafiya, ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Amininka na Kano.